Aikin Bayan Gida

Shekarun baya, da na gama karatu na dawo Gummi, ba ni da komai sai kwamfuta da taurin kai. Na nace wa wani sabon yaren shirya manhaja, Rust, wanda masu ɗaukar aiki da shi ba su da yawa. Abokina ya yi ta ce min in koyi wanda kasuwa ke so, ni kuwa na toshe kunne. Na tura takardun neman aiki har na gaji, duk inda suka amsa sai su ce suna son mai shekaru yana yi. Yaren da kansa yaushe aka haife shi?

Kawuna ya ba ni wa'adi: da an yanke shinkafar fadama, in ban samu ba, in rufe kwamfuta in zo in tsaya masa a injin casa. Tsoro ya kama ni sosai.

Wata rana Inna tana tsintar wake ta ce, "Wai wane irin aiki na kaka biɗa?"

Ni da iyayi, sai na ce bari in fassara mata sunan aikin, wanda a Turance ake ce wa "backend". "Inna, abin da kike gani a waya, shi ne gaban gida. Ni aikin bayan gida nake nema."

Hannunta ya tsaya cikin faifai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Duk karatun ga? To. In dai halas na, Allah shi sa albarka."

Kwana uku ban gane ba, sai da ƙanwarta ta zo yi min jaje. Na koma na gyara: kamar girkin biki ne, baƙi tuwo suke gani, ba sa ganin masu tuƙi. Ta ce da haka na faɗa tun farko da ta yi barci.

Ana saura mako biyu yankan shinkafa, wani kamfani a Legas ya kira ni ganawa ta bidiyo. Tambayoyin yaren na amsa su. Daga ƙarshe shugabar masu ganawar ta ce in bayyana aikin yadda wanda bai taɓa kwamfuta ba zai gane. Na ba su labarin Inna duka, har da jajen. Sai da ta cire tabarau don dariya. Ranar da wasiƙar ɗauka ta shigo, zama na yi a ƙasa.

Yanzu in na tuna, ba wasiƙar ke fara zuwa min ba. Matar nan ta ɗauka ɗanta mai digiri masai zai riƙa yashewa, kuma ta sa masa albarka ba ta ɗaga murya ba. Har yau in na kira ta, bayan gaisuwa sai ta ce, "To, ya bayan gidan?"

Nakan ce, "Lafiya lau, Inna. Tsaf yake."