Rigar Hussaini

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ina jin makonni biyun da na yi ina kokawa da injin matsar man gyaɗa a Tudun Wada za su zauna daram a kaina.

Lokacin ban daɗe da gama karatun injiniya ba, kaina cike da lissafi, ga kafiya da Allah Ya zuba mini tun ina ƙarama. Wani Alhaji mai masana'antar mai ya gaji da yadda babban injinsa ke tsayawa ba sallama. Sai wani kamfani daga nesa ya yi masa tayin gina wa injin ɗan tagwai a kwamfuta, wato kwafinsa da zai riƙa karɓar zafinsa da gudunsa da girgizarsa, ya faɗi ciwon kafin ya kwantar da shi. Amma da sharaɗi. Manhajarsu a kulle take, injin da ya fito daga masana'anta kaɗai ta sani, don haka sai an ciccire duk wani gyaran gida da aka taɓa yi, su kuma su karɓi kula da shi. Ma'ana, tsohon makanikin da ya yi shekara da shekaru yana rainon injin, wanda kowa ke kira Baba, zai tafi gida.

Ni kuwa da labarin ya iso ni, na je na ce wa Alhaji zan yi aikin da manhajojin da masu su suka bari a buɗe, kowa ya ɗauka, ya duba cikinsu, ya gyara. Bayanan kuma zan rubuta su bisa ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta, kamar mudun kasuwa, kowa ya zo zai iya awo da shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ba ni mako biyu, ya kuma gargaɗe ni kada maganar sallamar ta kai kunnen Baba.

Na liƙa 'yan na'urorin awo a jikin injin, na zana shi a kwamfuta daidai da takardunsa na asali. Ma'aikata suka raɗa wa injin suna Hassan, nawa na kwamfuta kuma Hussaini. Baba dai bai yi dariya ba. A wurinsa ni ce na zo raba shi da abincinsa. In na gaishe shi ya amsa a daƙile, in na yi tambaya ya ce ai Injiniya ba ta tambayar jahili. Shi aikinsa ya kafa sukudireba a jikin ƙarfe, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Ina kallonsa ina cewa a raina wannan ai bokanci ne. Allah Ya yafe mini.

Kwana tara Hussaini yana kunyata ni. Ya ce gudun inji kaza ne, awo ya nuna wani abu dabam. Ya ce boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, zai ƙone kafin la'asar, Hassan ya wuni yana aman mai lafiya lau. Na sauya na'urori, na sake lissafi har idona ya yi ja. Kullum in hau keke zuwa gida a Hanwa da yamma ina cizon yatsa, in dawo da safe na rantse ba zan bari ba.

Rana ta goma, da aka kashe inji aka fita sallar azahar, na ɗauko tef na awo na durƙusa cikin tunkuza na auna fuli, wato faifan da bel ke juyawa, da hannuna. Ya fi na takarda ƙanƙanta. Na auna wani wuri, shi ma ba haka yake ba. Ashe duk kwanakin nan tagwan injin takarda nake ginawa, Baba kuwa yana sane, yana kallona.

Ko tabarmar sallarsa Baba bai naɗe ba na tsaya a kansa, raina a ɓace. Na manta gargaɗin Alhaji, na zazzage masa komai, sharaɗin kamfanin da maganar tafiyarsa gida. Na ce, "Baba, saura kwana huɗu. In na faɗi, tare za mu faɗi, kuma kai za ka riga ni isa ƙasa."

Ya daɗe yana jan carbi. Ashe, na ji daga baya, uban tagwaye ne. Can ya ɗago ya ce, "'Yar nan, a gidanku ba a haifi 'yan biyu ba ko? Wace uwa ce za ta ɗinka wa Hassan riga bakwai ta bar Hussaini da ta suna? Ai dole ya yi miki fushi. Ɗauko abin rubutunki."

Wuri bakwai ya nuna mini. Fulin ya rage shi ne saboda gyaɗar wajenmu ta fi ƙarfin gudun asali. Boris na hagu wani abokinsa ɗan Ibo mai sayar da kayan inji ya samo masa, ba irin na takarda ba. Kowane gyara da dalilinsa, kuma babu ko ɗaya a rubuce. Yana faɗa da inci, ina mayarwa milimita, muna musu kamar kaka da jika. A nan na ga amfanin abin da yake a buɗe, domin duk inda ya taɓa Hassan, ina da ikon buɗe Hussaini in taɓa shi, ba sai na nemi izinin kowa ba.

Ranar gwaji Alhaji ya zo da wakilin kamfanin. Lambobi suka hau daidai, sai dai Hussaini ya nuna girgiza a boris na dama, wanda babu mai zarginsa. Alhaji ya juya ga Baba. Baba ya kafa sukudirebansa, ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya ce a kwance shi. Aka kwance, aka tarar da tsaga siririya kamar gashi. Alhaji ya raka baƙonsa bakin mota, ya dawo ya tambayi Baba ko kwana nawa gyaran zai ɗauka.

Baba ya yi shekara uku yana aiki bayan nan kafin Allah Ya karɓi abinsa. Na yi kuka sosai. Injiniyoyi biyu sun gaje ni a wurin, kowannensu da manhajar da ya fi so, kuma duk sun buɗe bayanan nan sun karanta dalilan Baba bakwai ba tare da sun neme ni ba.

Abin da na koya shi ne, ilimin da aka kulle, a akwatin kamfani ne ko a kan dattijo, ranar da mai makulli ya tafi ya tafi da shi. Kuma wanda ya raina mai sukudireba a kunne, injin takarda zai yi ta ginawa. Har yau in na bi ta wurin nakan leƙa in ga rubutun da Baba ya sa aka yi da fenti a bango: wanda ya ɗinka wa Hassan, ya ɗinka wa Hussaini.