Shelar da Rifkatu Ba Ta Ji Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rifkatu, 'yar farin mahaifinmu Yohanna da mahaifiyarmu Saratu, matar Bitrus kafinta, uwar Alheri. Ni ne autan gidan. Kurma aka haife ta. A ƙauyenmu, can gaba da Kafanchan, ni kaɗai na iya maganar hannunta sosai, domin a bayanta na girma. Sauran 'yan gida sun iya nuna mata zo, ci, tafi. Daga nan sai murmushi.

A daminar da ta rasu ina makarantar kwana. Amai da gudawa ya ɓulla a garuruwan da ke saman rafinmu, ƙaramar hukuma kuwa ta yi abin da ta saba: ta ɗora lasifika a kan mota, aka zaga ana shela kada kowa ya sha ruwan rafi. Aka maimaita a masallaci ranar Juma'a, aka maimaita a majami'a ranar Lahadi. Rifkatu tana zaune cikin matan zumunta, tana kallon bakin mai sanarwa. Ta ga ana gyaɗa kai, ita ma ta gyaɗa. A gida ta ga ana tafasa ruwa a babbar tukunya. Ina zaton ta ɗauka na kunu ne. Gonar cittarta tana bakin rafin. Can take wuni da fartanya, in ƙishirwa ta kama ta sai ta durƙusa ta sha da tafin hannu, kamar yadda ta saba tun ƙuruciya.

Na iso gida an riga an binne ta. Mama ta riƙe hannuna ta ce, "Kowa ya ji fa, ɗana. Har akuya ta ji. Na ɗauka mijinta ya gaya mata." Bitrus kuma, da yake aikin rufin wani gida a Kafanchan, ya ɗauka Mama ta gaya mata. Babu wanda ya yi ƙeta. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji magabata. Ita kuwa da rana tsaka, a tsakiyar jama'a, aka bar ta cikinsa. Har yau, in na ji ƙarar lasifika daga nesa, gyaɗa kan nan nata nake gani.

Alheri ma kurma ce, tana 'yar shekara tara yanzu. Saboda ita na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu bayan na kammala jami'a. Na tarar an zuba gangaren siminti a ƙofar shiga domin masu keken guragu, kuma na yaba. Da Rifkatu tana raye, da ta taka shi da ƙafa, ta juyo ta tambaye ni da hannu: nawa kuma yana ina? Na tambayi jami'in walwalar jama'a yadda sanarwa take isa ga kurame. Ya yi dariya ba da mugunta ba, ya ce, "Ƙanena, kai ma dai! Ba suna da 'yan'uwa ba? Su gaya musu mana."

Mu ma 'yan'uwa ne, kuma muna ƙaunarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake roƙon abubuwa ƙanana: a haɗa kowace shela da hoton da ido zai karanta, a tsayar da mai maganar hannu kusa da mai sanarwa, mai unguwa kuma ya san gidajen da dole a shiga da ƙafa a nuna. A watan jiya motar ta sake wucewa ta ƙofarmu. Alheri ta ja rigata tana tambaya, na fassara mata. An kira ni aiki a Kaduna, kuma ban san wa zai tsaya mata ba in na tafi.

Me ya rage na Rifkatu? 'Yarta, da irin cittar da Mama take shukawa duk shekara. Alheri tana koyon maganar hannu ta makaranta, wadda ta bambanta da ta uwarta.

Abin da muka rasa kuwa: mace ɗaya, da cikin da take ɗauke da shi, da harshe guda mai masu magana biyu.