Jakar da Ba Ta Bi Ta Na'ura Ba

Malam Tahiru baduku ne, ɗan baduku. A unguwar Birni aka haife shi, cikin Damagaram, a gidan da warin jima ya kama bangonsa tun kafin a yi kakansa. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, ya iya lambobi da 'yan kalmomin Faransanci, sai mahaifinsa ya ce ya isa haka, ya zaunar da shi a zaure ya miƙa masa basilla. Daga ranar har ya kai shekara sittin da biyu, a zauren nan yake. Alabe yake ɗinkawa, da jakar mata, da kuben takobi, da matashin fata mai zanen ja da kore. Ba shi da yawan magana. In ɗinki ya karkace, ko mai kaya bai lura ba, sai ya warware ya sake, ya kuma gaya wa mai kayan dalilin da ya sa aka yi jinkiri.

Matarsa Kulu ta haifa masa 'ya'ya biyar. Ta ukun, Sakina, ita ce ta fi shaƙuwa da shi. Tana auren Alkasum, mutumin Mirriya, mai kimanin shekara arba'in, wanda yake aiki a filin jirgi ƙarƙashin wani kamfani da aka ba kwangilar binciken matafiya. Shekara shida da auren, Malam Tahiru da surukinsa ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. In Alkasum ya zo gaisuwa, daga bakin zaure yake cire takalmi ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina wuni," a amsa masa, ya tashi. Kowa a unguwa yana yabon ladabinsa.

A shekarar da abin ya faru, ƙungiyar masu sana'ar hannu ta zaɓi Malam Tahiru ya je baje-koli a Yamai. Bayansa ya daɗe yana ciwo, likita ya ce ba zai iya zaman mota na yini guda ba, don haka masu shirya taron suka aiko masa da biye, wato tikitin jirgi. Bai taɓa shiga jirgi ba. Kayan sayarwa aka ɗaure su a buhu biyu, shi kuma ya rataya jakarsa ta kullum, wadda ya ɗinka da hannunsa. A cikinta akwai carbi, da goro, da maganin bayansa, da naɗin fata mai ɗauke da kayan aikinsa: basilla uku, almakashi, da wuƙar yankan fata da ya gada, wadda wasawa ta cinye rabinta amma har yanzu tana aske gashin hannu. Bai yi tunanin komai ba da ya sa su. Haka yake fita da su ko ɗaurin aure za shi.

Da hantsi ya isa filin jirgin. Aka karɓi buhunansa, aka nuna masa wata ƙofa inda mutane suka yi layi. Yana isa gaba sai ya ga surukinsa cikin kakin aiki, da wata 'yar sanda mai ƙara a hannu. Alkasum na ganinsa ya sunkuyar da kai, ya rusuna.

"Baba, an iso lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Alkasum. Ya aiki?"

"Da godiya. Kawo jakar, Baba."

Ya karɓi jakar da hannu biyu, kamar yadda ake karɓar kayan babba, ya zagaya da ita ta bayan wata babbar na'ura, ya raka shi har cikin ɗakin jira, ya ajiye masa ita a kan kujera. Bai taɓa jikinsa ba. Malam Tahiru ya sa masa albarka, ya zauna.

Ɗakin jiran ba shi da girma. Kujeru ne na ƙarfe a jere, da bangon gilashi ta gefen da aka shigo, da ƙofar fita wajen jirgi a kulle. Jandarma ɗaya yana tsaye a bakin ƙofar shigowa. Wanda ya shigo ba ya komawa.

Ta cikin gilashin ne Malam Tahiru ya fara ganin abin da ake yi wa sauran mutane. Kowa yana ɗora jakarsa a kan na'urar, ta haɗiye ta, ta fito da ita ta ɗaya gefen. Ana sa maza su cire hula da agogo, su ɗaga hannu, Alkasum yana bin jikinsu da sandar nan daga kafaɗa har idon sawu. Ya ga an buɗe jakar wata mata, an zaro ɗan ƙaramin almakashin yankan farce, an jefa shi a wani kwando. Matar ta yi ta roƙo, ba a mayar mata ba.

Ya sa hannu cikin jakarsa a hankali, ya taɓa naɗin fatar. Ta cikin fatar ma yana jin ƙotar wuƙar.

A daidai lokacin aka yi sanarwa cewa jirgin zai yi jinkirin awa biyu.

Ya fara duba ɗakin kamar mai neman inda zai fita. Akwai kwandon shara a kusurwa, amma in ya jefa wuƙar a ciki, mai shara zai tsinta, a tambayi yadda ta shigo. Ya ɗaga kai ya ga wani baƙin ƙoƙon gilashi a jikin rufi, ya san kamara ce. Ya shiga ban-ɗaki da jakar, ya tsaya yana kallon 'yar tagar da ke sama, an yi mata raga ta ƙarfe. Ya fito, ya koma kujerarsa, ya ɗora jakar a cinya ya rungume ta.

Ya kira Kulu a salula, ya juya fuska ga bango, ya gaya mata cikin raɗa.

Ta ce, "Malam, wa ya gani?"

"Ban sani ba."

"To ka yi shiru. Kai za ka soki wani ne? Ka zauna da jakarka har ka sauka."

"An ƙwace wa wata almakashin farce a gabana."

"Ina ruwanka da almakashin wata? Sakina cikinta wata takwas. In aka kore shi, ina za su sa kansu? Ladabi ya yi maka, Malam. Ladabi. Kar ka saka masa da wannan."

Ya ce to, ya kashe. Bai san to ɗin me ya ce ba.

Matar da ke zaune kujera ɗaya tsakaninsu ta rufe littafin da take karantawa. Za ta yi shekara hamsin, da tabarau, da mayafi ruwan toka. Ta gaishe shi, ta ce sunanta Rahina, ungozoma ce, za ta wani horo a Yamai. Sai ta rage murya.

"Baba, ina bayanka a layi. Na ga jakarka ba ta bi ta na'ura ba."

Ya dube ta, ya ƙara rungume jakar.

"Tun ɗazu nake ta fama da kaina," in ji ta. "Na ce ko in yi magana, ko in bari. Sai na ga yadda ka riƙe ta. Akwai wani abu a ciki?"

Da zai iya ƙarya, a nan ya kamata ya yi. Ya ce, "Kayan aikina ne. Ni baduku ne. Wancan kuma mijin 'yata ne. Kunya ce ta hana shi, ba wani abu ba."

"Na yarda da kai."

"Ni ba mugu ba ne, baiwar Allah. Ki tambayi duk wanda kika ga dama a Birni."

"Ai na ce na yarda. Amma shi ne ya san ka. Mu arba'in da za mu shiga jirgin nan ba mu san ka ba. Mun cire hula da mayafi an lalube mu, don kowa ya samu natsuwa da na kusa da shi. Yau kai ya ɗaukar wa jaka. Gobe in malaminsa ne, ko wani babba da ya ba shi saƙon da bai san abin da ke ciki ba?"

"In na yi magana, aikinsa ne zai tafi."

"Na sani. Shi ya sa ban tashi ba har yanzu." Ta cire tabarau ta goge. "Ba na so ya fito daga bakina. Amma ba zan ɓoye maka ba, Baba, in aka kira mu shiga jirgi jakar nan tana yadda take, ban san ko zan iya yin shiru ba."

Ta koma ga littafinta, amma ya lura ba ta juya shafi.

Ya zauna kusan awa guda a haka. Ta gilashi yana hango Alkasum yana dariya da abokin aikinsa, ya gama da matafiya, hankalinsa kwance. Ya yi tunanin ya yafito shi, ya miƙa masa naɗin a ɓoye, amma jandarman na tsaye a tsakani, ga kamara, ga kuma cewa hakan zai zama su biyu sun haɗa baki. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya, ya fasa tafiyar, to amma mai fita ma sai an tambaye shi dalili, an duba kayansa. Ya tuna Sakina da ƙafafunta da suka kumbura. Ya tuna matar almakashi, wadda ke zaune can gaba tana ta ƙunƙuni har yanzu. Duk inda ya juya, akwai wanda zai cuta.

Da aka ji ƙugin jirgi daga nesa, mutane suka fara tattara kaya. Malam Tahiru ya miƙe. Ya ce daga baya bai yanke shawarar komai ba, ƙafafunsa ne kawai suka kai shi. Ya tsaya gaban jandarman, ya ce, "Ranka ya daɗe, jakata ba a duba ta ba. Akwai wuƙa a ciki."

Jandarman ya ja baya taki ɗaya, ya ce ya ajiye ta ƙasa, ya matsa. Aka kira shef, shugaban masu binciken, wani dogo mai furfura a gemu. Ya warware naɗin a kan tebur, ya jera basillu da almakashi da wuƙar a gaban kowa.

"Malam, ta ina wannan ta wuce?"

Malam Tahiru ya dubi ƙasa.

"Tambayarka nake. Wa ya bar ka ka wuce?"

"Ni ban san ƙa'ida ba," in ji shi. "Yau na fara zuwa."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

Sai aka ji murya daga baya. "Ni ne, shef. Ni na ɗaukar masa." Alkasum ne, ya cire hular aikinsa ya riƙe a hannu. Ko a lokacin bai dubi surukinsa ba.

Aka fitar da matafiya duka, aka sake bincikensu ɗaya bayan ɗaya, jirgi na jira. Wani mai babbar riga ya ce da ƙarfi, "Tsoho, da ka yi shiru da yanzu muna sama." Wata ta ce Allah ya saka masa da alheri. Madam Rahina ta tsaya kusa da shi a layi. Wani ma'aikaci dabam ne ya lalube shi, daga kafaɗa har ƙasa. Aka rubuta sunansa a takarda, aka riƙe kayan aikin, aka ce ya aiko a karɓa. Ya shiga jirgi. Ya ce bai leƙa taga ba ko sau ɗaya har suka sauka.

Kwana tara ya yi a Yamai, da aron basilla. Kayansa sun samu karɓuwa. Da zai dawo ya ce shi mota zai bi, ya kuma bi, ya yi sati yana kwance saboda bayan.

An dakatar da Alkasum wata uku. Da aka mayar da shi, ba a mayar da shi ɗakin bincike ba, sai aka kai shi ƙofar shigar motoci, inda yake ɗaga sanda yana saukewa a rana. A cikin watannin nan Sakina ta haihu. Ranar suna, mahaifiyar Alkasum ta zo daga Mirriya, ta faɗa a tsakar gida, inda ta san maza a zaure za su ji, cewa ita ba ta taɓa ganin inda aka hukunta mutum don ya girmama surukinsa ba. Kulu ba ta tanka mata ba. Ba ta kuma kare mijinta ba.

A zauren dukawa an daɗe ana muhawara. Wasu suka ce Tahiru ya yi abin da ya kamata, wasu suka ce gaskiyar da za ta rushe gidan 'yarka ba dole ba ce a ranar. Shi dai ɗinkinsa yake. Alkasum bai daina zuwa gaisuwa ba, yana durƙusawa yadda ya saba, ana amsa masa yadda aka saba. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a tsakaninsu, ba kuma hanyar da za a ɗaga ta. Malam Tahiru bai san ko surukinsa ya yafe masa ba, ko ma yana ganin akwai abin yafewa.

Sakina ce kaɗai ta tambaye shi, wata Juma'a, bayan kusan shekara. Ta fito daga wajen uwarta da goyo, ta tsaya a bakin zaure.

"Baba, da ka san haka abin zai zama, da ka yi magana?"

Ya ajiye fatar da ke hannunsa.

"Ban sani ba, Sakina. Kullum sai na tambayi kaina. Ranar ma ban sani ba."

Ta gyara goyonta, ta ce za ta tafi kafin la'asar, don maigidan yana tashi aiki ƙarfe biyar.