Gidan Gwaggo Rabi da kuɗin ruwa ya cinye

Shekara biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Rabi, yayar babana. Ina 'yar shekara goma sha biyu lokacin, ba ni da baki a taron manya, sai ido.

Ba ta haihu ba. Da aikin asibiti ta sayi ɗan gidanta a Bron, gefen birnin Lyon na Faransa, kusa da jami'a. Duk hutu nakan bar gidanmu na Bobigny, gefen Paris, in je Lyon wurinta. Tana shuka na'ana'a a gwangwanin tumatir a bakin taga, kuma takan nuna mini ƙaramin ɗakin ta ce, "Nana, in kin shiga jami'a, nan za ki zauna."

Magadanta biyu ne, babana da babban yayansu, Baffa Alhaji na Paris. Bayan sadakar arba'in, notar, mai aikin gado a nan, ya gargaɗe su cewa wata shida doka ta ba su su biya lanhon gado, wato haraji, in ya wuce kuɗin ruwa zai fara hawa. Baffa ya kaɗa carbi ya ce, "Kabari bai bushe ba za mu zauna lissafi? Sai na je Damagaram, malaminmu ya raba." Babana ya sunkuyar da kai, don ƙane ba ya musu da wa. Na ga yana murza hularsa har ta lanƙwashe.

Baffa bai tafi ba sai da shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Ofishin lanho kuwa ba ya zaman makoki. Gadon 'yan'uwa dama lanhonsa mai nauyi ne, ga tara, ga ruwa kowane wata. Abin da a da rance zai iya biya ya fi ƙarfin kowa, aka sayar da gidan. Mutumin da ke yi mana wa'azi kan riba a kowace Sallah, shi ya sa muka biya ta. Har yau cewa yake, "Zaluncin Nasara ne." Laifi tudu ne, Baffa.

Da Gwaggo za ta leƙo, ba ofishin za ta fara zagi ba. Ta san ƙasar, ba ta taɓa barin takarda ta kwana ba.

Bana zan gama lise, wato sakandare. In na samu jami'ar Lyon, haya zan nema. Ranar kwashe kaya Baffa ya ɗauki talabijin, ni na ɗauki gwangwani ɗaya. Na'ana'ar tana nan a tagarmu. In Baffa ya zo, da ita Mama ke dafa masa shayi, ni ke miƙa masa, kuma bai taɓa tambayar daga ina take ba.