Butar Anti Samiratu

Ƙarfe bakwai na safe Anti Samiratu ta riga ta share shagon ɗinkin nan na unguwar Nima, ta zuba wa kekuna mai, ta cika butarta ta ajiye a ƙarƙashin kekenta. Shekara ashirin da biyu ke nan. Wannan watan za ta bar aiki, ido ya gaji.

Madam mai shagon ba ta kiran kowa da suna sai da lambar kekensa. "Lamba uku, kanki kwakwa ne?" Sai ta buga almakashi a tebur. Wadda aka zaga ta juya ta zagi ta kusa da ita. In ɗinki ya lalace, kowa na nuna kowa da yatsa. 'Yata Fauzia ta shiga wurin da fara'arta, wata shida ta koma tana yi mana tsawa a gida. Na ji tsoro, na ce yarinyar nan ta tafi ke nan.

Amma Anti Samiratu, in aka zage ta, ba ta buɗe baki sai ta ɗau buta ta fita ta yi alwala. Har tsokanarta suke yi: "Anti, yau sallah nawa za ki yi?"

Ta ce, "Zagin nake wankewa, kar in shafa muku."

Ranar da Fauzia ta yanke leshin amarya ba daidai ba, Madam ta ɗaga shi sama. "Wa ya yi?" Yatsu suka tashi. "Lamba huɗu, kwashe kayanki!"

Anti Samiratu ta miƙe. "Madam, sunanta Fauzia. Ni na koya mata yanka. In kora ce, fara da ni."

Madam ta yi tsaki ta shige ciki. Anti ta miƙa wa Fauzia buta: "Je ki wanke fuska, ki zo mu gyara."

Anti, ke ce bangon da zagi ke tsayawa. Ba ki canza Madam ba, amma kin hana ta canza 'ya'yanmu. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya ƙara hasken ido.

Ku da ake yi wa tsawa a wurin aiki, ku tsayar da ita a kanku, kar ku miƙa gaba. Fauzia yanzu tana da shagonta a unguwar Maamobi, da ma'aikata uku. Kowa da sunanta. Kuma akwai buta a ƙarƙashin kekenta.