Ranar da Yaya Ɗan Jimma Ya Tare Motar Depite

Shekarar da fara ta sauka gonakin Sabon Maci, wadda rijiyar unguwarmu ta rufta a cikinta, ita ce shekarar da yayana Ɗan Jimma ya sayi rediyo, mu kuma muka rasa sakat. Ku da kuka san shi kun san rediyon nan, ɗaure da igiyar kaba, rataye a wuya. Da an gama labarai sai ya zare batura ya shanya su a rana, wai su sha ƙarfi. Ranar da hadari ya rufe sama, duniya ta yi abin da ta ga dama, gidanmu ba mai ji.

A cikin rediyon ya riƙa jin Sunni da Shi'a, Sunni da Shi'a, can ƙasashen Larabawa. Shi ke nan, Yaya ya samu tambaya. Duk mai neman kujerar depite, wato ɗan majalisa, da ya shigo Dakoro yawon neman ƙuri'a, sai Yaya ya bari ya gama alkawarin rijiya da hanya, sannan ya ɗaga sanda.

"Ɗan nan, mi ya raba Sunni da Shi'a?"

Wani ya gyara babbar riga ya ce Shi'a wata ƙasa ce kusa da Makka. Yaya ya ce, "Madalla. In ka ci zaɓe ka gaishe mini da sarkinsu." Ya karɓi sukarin da ake rabawa, ƙuri'a kuwa ya hana.

Wani mai wayo ya ce, "Baba, ai duk Musulmi ne."

"Gaskiyarka. Gero da dawa ma duk hatsi ne. Amma in ba ka rarrabe su, ni ba ni aiken ka kasuwar Kornaka."

Ni kam kunya kamar in nutse. Na ce, "Yaya, mutane na neman ruwan sha, kai kana neman Shi'a?" Ya ce, "Cima, je ki duba tukunyarki." Ban san tambayar nan za ta zo har ɗakina ba.

Ɗana Sabi'u, mai gyaran babur, ya tafi ci-rani Najeriya, ya dawo da gemu da baƙaƙen kaya, don baƙi ba ya nuna dattin mai. Wani mai baƙin ciki ya kai tsegumi cewa ya shiga Shi'a, wai kuma shina da hannu da ƴan bindigar daji. Wata safiya masu kaki suka zo suka tafi da shi da sifana a hannu. Aka ce mini in ba a yi da gaske ba, Yamai za a wuce da shi.

Allah ya sa depiten da muke da shi lokacin shina gari. Babansa Alhaji Bawa abokin Yaya ne tun suna kiwon awaki, shi kuma a majalisa an sa shi cikin masu sa ido a kan ƴan leƙen asiri. Yaya ya ja ni har ƙofar gidansu, ya shimfiɗa buzunsa gaban tayar mota, ya zauna. Direba ya yi ta oda, Yaya ya yi ta goga goro.

Depite ya fito. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Mi ya raba Sunni da Shi'a?"

"Haba Baba, yau ma?"

"Yau ma fa. Ɗan ƙanwata na kulle a kanta."

Depite ya rage murya ya ce abin da aka gaya musu shi ne ƴan Shi'a sakin hannu suke yi a salla, kuma an ga Sabi'u shina saki. Nan aka kira azahar, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Alhaji Bawa ma ya fito. Yaya ya miƙe ya ce, "Cima, riƙe mini wurina." Ni, da furfurata, na zauna gaban mota ina kallon sahu.

Ana sallamewa, Yaya ya juya wajen depite.

"Ranka ya daɗe, babanka ɗora hannu ya yi ko saki?"

Depite ya waiga ya dubi babansa, Yaya ya ci gaba.

"Liman fa? Ladan fa? Ni fa?" Ya buga sanda a ƙasa. "To a kawo babbar mota, wagga ba ta ɗaukar mu. Bawa shi zauna gaba, gwiwarshi na ciwo!"

Wayyo! Alhaji Bawa ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Ni da na yi tsufa da saki, ashe ɗana na neman kai ni Yamai!" Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Kuma ko da Shi'ar ce, akuyar wa ya sata?" In faɗi gaskiya, depiten nan ɗan halak ne. Bai yi fushi ba, ya ciro waya ya koma gefe. Kafin rana ta faɗi Sabi'u na tsakar gidana shina shan fura.

Da hankalina ya dawo na ce, "Yaya, don Allah gaya mini, mi ya raba su?"

Ya dube ni ya ce, "Wallahi Cima ban sani ba. Rediyon ma bai taɓa tsayawa ya faɗa ba."

"La'ilaha! Duk shekarun nan kana tsare mutane, kai ma ba ka sani ba?"

"Ni in na yi kuskure, gerona ke lalacewa. Depite in ya yi kuskure, ɗan wata ke kwana a kulle."

Bayan damina depite ya dawo takanas, ya ce ya zauna gaban malamai, ya zo da amsa. Ya fara tun daga zamanin Sahabbai, shina jerowa tiryan-tiryan. Bai kai rabi ba Yaya ya fara minshari. Da aka tashe shi ya ce, "Kai aka ce ka sani, ba ni ba. Tahi, na ba ka ƙuri'a."

Cikin waɗanda ke wurin ranar nan, Alhaji Bawa ya tafi, liman ya tafi, direban ma an ce ya rasu. Saura ladan, da depite da ya bar kujera ya koma kiwo wajen Rumbu, sai ni. Sabi'u na nan da ƴaƴansa, gemun ya yi fari. Ranar da Yaya ya cika, shi ya shiga kabari ya karɓe shi da hannu biyu.

Allah ka ji ƙan Yaya. Yadda ya tsaya wa ɗana ranar da ba ni da kowa, ka tsaya mishi, ka sauƙaƙa mishi tambaya. Amin.