Kantar da Maigida Ya Auna

A shekarun saba'in mijina ma'aikacin gwamnati ne, kuma aikinsa shi ne karya abubuwa. Ba zolaya nake ba. A ofishinsu akwai wani inji da ake ɗaura wa rodi, a yi ta ja har ya miƙe, ya sirance a tsakiya, ya tsinke. Shi kuma ya rubuta a littafi, ƙarshen wata a biya shi. Ni kuwa ranar da na fasa kofin shayi ɗaya sai da na sha bayani na kwana biyu.

Muna zaune a Unguwar Sarki, ciki da falo, lokacin da ake auna darajar mace da jerenta. Nawa ba na raini ba ne, akwai samiru da fanteka da kwanonin sha masu fure. Amma abin da na fi ji da shi farantan tangaran ne guda goma sha biyu da Innata ta tara mini a Rigachikun. Da cinikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta saye su, ɗaya bayan ɗaya, tun ina firamare. Ta rasu saura wata huɗu bikina. Ban taɓa zuba abinci a cikinsu ba, kallonsu kawai nake yi.

Da kabad ya cika, na ce a yi mini kanta a bango. Maigida ya ce wannan ai fanninsa ne. Ya aro ma'auni, ya auna kwanonina kaf, ya cika shafi biyu da lissafi, sannan ya kira wani dattijon kafinta daga Kinkinau. Dattijon ya ƙwanƙwasa katakon da maigida ya sayo da yatsa, ya sansana shi.

"Yallaɓai, katakon nan ɗanye ne, ga shi da tsawo. A bari in sa masa matokari a tsakiya."

"Baba, na yi lissafi. Zai ɗauki ninki biyu na abin da za a ɗora masa."

"To, Allah ya sa shi ma katakon ya yi makaranta," in ji dattijon, ya ɗauki hamarsa.

Lissafin daidai yake, ban musa ba. Abin da littafin maigida bai sani ba shi ne jere ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na haihu, ranar suna kowace gwaggo ta zo da kwano. Maƙwabciyata ta dawo daga Makka ta kawo mini tire. Kuma kwanon da aka ba ki ba a tura shi ƙarƙashin gado, dole mai shi ta shigo ta gan shi a sama, in ba haka ba a ji da ke a gidan biki. Kanta ta yi ta karɓar baƙi, farantan Inna suna tsakiya, inda ido ke fara sauka.

Kafin shekara ta zagayo katakon ya lanƙwashe a tsakiya kamar bayan tsohon jaki. Na nuna wa maigida, ina zaton zai damu. Ashe daɗi na jiyar da shi. Ya ja layi a bango da fensir, kowace Juma'a in ya dawo daga masallaci sai ya ɗauko rula ya auna, ya rubuta.

"Malam, abin nan zai karye fa."

"Bai kai iyakarsa ba. Kowane abu yana da iyakar da in an sauke masa kaya zai koma yadda yake. Ko ya wuce nan, katako yana kuka kafin ya karye."

"Ai yana kukan."

"Wannan ba shi ne kukan da nake nufi ba."

Ilimi gishirin zaman duniya. Mu da ba mu yi nisa a boko ba, ko kukan katako ba mu iya ji daidai ba.

Da damina ta yi tsakiya katakon ya sha danshi. Wata Talata da hantsi ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, babu wanda ya taɓa komai, na ji ƙara kamar an kifar da kasuwar 'yan kwano a ɗakina. Na shiga. Samiru sun lotse, fentinsu ya ɓare, wani murfi yana ta juyi a kan siminti. Na durƙusa ina neman faranti ko guda ɗaya da ya tsira. Babu.

Maigida ya dawo bayan azahar. Ya tsallake ni, ya tsallake tarkacen, ya ɗauki guntun katakon ya kai shi bakin taga.

"Kin gani, daga ƙasa ya fara tsagewa, daidai inda reshe ya taɓa fitowa."

"Madalla," na ce. "Sai ka rubuta."

A nan ne ya waiwayo ya ga ɓaraguzan farantan Inna da na tara a cikin zanena. Ya ajiye katakon a hankali. Washegari ya kwashi kwanonin ya kai wa maƙeri aka bubbuge su, suka dawo da tabo amma suna cin tuwo.

Na yi wata guda ba na yi masa magana sai ta dole, kuma na ji daɗin samun mai laifi. Sai dai akwai abin da ban taɓa faɗa masa ba har ya bar duniya. Wata shida ina kallon katakon nan yana sauka, da hannuwana biyu lafiya lau. Sau uku ina hawa kujera in sauke farantan, sau uku ina tuna matan unguwa za su shigo su ga tsakiyar kanta wayam, su tambaya ko sayarwa na yi. Sai in goge musu ƙura in sauko.